Godiya ga ofishin gidaje masu sauƙin kuɗi, daga wani kafinta da ya auna ɗakinsa da tef

Assalamu alaikum. Zuwa ga shugaban ofishin da ke kula da gidajen gwamnati masu sauƙin kuɗi, da ma'aikatansa baki ɗaya, musamman 'yan sashen zane.

Yallaɓai ranka ya daɗe, ni ba marubuci ba ne, kafinta ne, to a yi min afuwa in rubutun ya zo a hargitse. Wata huɗu kenan da muka tare a ɗaya daga cikin sababbin gidajen da kuka raba, kullum sai in ce gobe zan zo ofis in yi godiya baki da baki, sai kuma na tuna ai lokacin da muke ƙorafi a bainar jama'a muka yi shi, ni ɗin nan ma ina cikin masu zafin baki, to adalci shi ne godiyar ma a yi ta inda kowa zai gani. Yaba kyauta tukwici.

Shekara tara muka yi a tsohon rukunin gidajen, wanda a takarda an rubuta ɗaki biyu da falo, amma wallahi in ka sa gado a babban ɗakin ƙofa rabi take buɗuwa, sai ka shiga a karkace. Ni da hannuna na rage wa gadon yarana tsawo, na cire murfin wadirof na sa labule saboda ba inda murfin zai buɗu. Kuma ba ni kaɗai ba, yawancin aikin da maƙwabta ke kirana a kai kenan, a yanke ƙafar tebur, a datse kujera mai zaman uku ta koma mai zaman biyu, mutum ya yi tari ya sayi kayansa masu kyau sai ya zo yana roƙon a yi musu kaciya don su shiga ɗaki. Taga ɗaya ce a falo, ita ma bangon maƙwabci take kallo, silin ƙasa-ƙasa, kicin ɗin in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fito kafin ɗayan ya juya, bangon banɗaki kuma kullum cikin gumi da fumfuna, ka goge yau bayan sati ta dawo. Ƙaramin yaronmu bai taɓa cika wata biyu ba tari a tsohon gidan ba.

To shi ya sa ranar da aka ce ofis na kiran mazauna taro kan sabon zane ban ma yi niyyar zuwa ba, na ɗauka irin taron nan ne da ake karanta jawabi a ɗauki hoto a watse. Uwargida ce ta matsa. Da muka je sai muka tarar wata yarinya mai zanen gini, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba, ta shata girman ɗaki a ƙasa da alli, ta sa an kawo gado da katifa da wadirof na gaske an jera a ciki, ta ce mu shiga mu zagaya mu gani. Ta zo wurina ta ce "Baba, a ina kuke ajiye bokiti da tsintsiya da akwatin kayan aikinku?" Na yi shiru, don tunda nake zaman gidan haya ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar. Na ce mata ƙarƙashin gado, 'yata. Ta rubuta. Wata dattijuwa ta ce mijinta a keken guragu yake, ƙofar banɗaki ba ta wuce keken sai an ɗauke shi cak, ita ma aka rubuta. Har ga Allah na fito ina cewa rubutawa dai ai ba wuya.

Ranar karɓar makulli da tef ɗina na je a aljihu, sana'a ba ta ɓuya. Babban ɗaki mita 3.4 ne a faɗi, 3.6 a tsawo, ƙofa tana buɗuwa har ta taɓa bango da gado a ciki. Akwai ɗan sito kusa da kicin, wanda na san amsar tambayar nan ce ta bokiti da tsintsiya. Tagogi suna fuskantar juna, iska ta shigo ta nan ta fita ta can, har yanzu da rana ba ma kunna fitila a falo. An raba makewayi da wurin wanka, wanda duk mai yara 'yan makaranta ya san abin da hakan ke nufi da sassafe. Soket ba ya bayan inda dole gado zai zauna. Gidajen ƙasa kuma ba tudu a bakin ƙofa, dattijon nan na gan shi da idona yana shiga da kekensa shi kaɗai ba mai tura shi. Fentin ba wani na a zo a gani ba ne, tayil ɗin ma mai arha ne, kuma ni ban ga laifin hakan ba, tayil ana canza shi ko bayan shekara goma, amma bango in ya tsaya ya tsaya kenan, ba ka ƙara wa ɗaki taku ɗaya.

'Yata da ke karatun zanen gine-gine ita ta zauna ta lissafa min, ta ce ɗakin namu ya ɗan haura murabba'in mita 12, kuma a Ingila ma'aunin da gwamnati ta fitar a 2015 ya ce ɗakin kwana na mutum biyu kada ya gaza 11.5, na mutum ɗaya 7.5, gida mai ɗaki biyu na mutum huɗu a hawa ɗaya kuma 70, silin mita 2.3. Ta ce abin nan na jera kayan ɗaki kafin a ja layi ba sabo ba ne, tun 1961 wani kwamiti da Parker Morris ya jagoranta can Ingila ya bi wannan hanya, wato a fara da yadda iyali ke zama da kayan da suke da su, sannan a fitar da girman ɗaki. A 1969 aka wajabta shi a gidajen da ƙananan hukumomi ke ginawa, sai kuma a 1980 aka soke wajabcin don a rage kashe kuɗi. Wannan na ƙarshen shi ya tsaya min a rai yallaɓai, kuma shi ne roƙona na farko, ku rubuta wannan ma'auni da kuka yi aiki da shi ya zama ƙa'ida a cikin takardar kwangila, ta yadda ɗan kwangilan da ya ci santimita talatin daga kowane ɗaki ba za a biya shi ba, don yau kuna nan gobe an yi muku canjin wurin aiki, mu kuma muna cikin ɗakunan.

Na san masu cewa in an faɗaɗa ɗakuna ai yawan gidajen zai ragu, kuma ba ƙarya suka yi ba, ƙanena ma har yau sunansa na cikin jerin masu jira, in na ce ban damu ba na yi ƙarya. Amma araha ba ta ado. A Amurka an taɓa yin wani rukunin gidajen gwamnati mai suna Pruitt-Igoe a birnin St. Louis, benaye 33 kowane hawa 11, an gina su a shekarun 1950 cikin tsuke aljihu, lif ɗin ma ba a kowane hawa yake tsayawa ba, aka kuma bar su ba gyara, a 1972 aka fara rushe su, ko shekara ashirin ba su cika ba. Ina ribar? Hukumar Lafiya ta Duniya ma a jagororin da ta fitar kan gidaje a 2018 ta danganta cunkoso a ɗaki da tarin fuka da sauran cututtukan numfashi, to kuɗin da aka ce an adana wajen bulo da siminti mu ne muke biyansa a asibiti. Yaron nan namu dai alhamdulillahi tunda muka dawo nan sau ɗaya ya yi mura, ni ba likita ba ne ba zan ce ga dalili ba, amma bango a bushe yake.

Roƙo na biyu kan maƙwabtanmu ne da muka baro a tsohon rukunin. Ba sai an rushe ba. A Bordeaux ta Faransa an gyara gidaje 530 na gwamnati, aka ƙara wa kowane baranda mai faɗi daga waje da manyan tagogin gilashi, kuma mutanen suna zaune a gidajensu aka yi aikin ba a tashe su ba. Ban ce ku yi irinsa sak ba, kowa da ƙarfin aljihunsa, amma ko taga ta biyu aka fasa musu aka gyara magudanar ruwan banɗaki za su sa muku albarka.

Sai ɗan ƙorafi, don kada a ce kafinta ya ga aiki bai ga aibu ba: an manta da wurin shanya, mata suna ɗaura igiya a ƙarfen matakala, kuma patta biyu kawai aka sa wa ƙofofin ciki alhali nauyinsu na uku ne, nan da shekara za su fara jan ƙasa. Nawa na riga na ƙara, na maƙwabta uku ma na ƙara musu, sauran ku duba.

Ina gaida yarinyar nan mai alli, ban riƙe sunanta ba, Allah ya yi mata albarka ya ɗaukaka ta. Ina gaida injiniyan da na gani sau biyu yana sa a fasa filasta a sake, da magina da leburori, da ma'aikaciyar teburin karɓar fom da ta yi haƙuri da ni ranar da na ɗaga mata murya, a yafe min. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa yallaɓai lafiya.

Naku,
Kafinta mazaunin hawa na biyu, wanda ya zo da tef.