Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Dauda Lawal Kan Wayar Talaka

Mai girma Gwamna, assalamu alaikum. Allah ya taya ka riƙo.

Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 ake ce mana za ta rage tazarar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka. A Kenya an ga alamar haka, domin M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya da aka fara a 2007, ta sa ɗan ƙauye yana karɓar kuɗi ba tare da ya taka banki ba. A Zamfara kuwa, amfanin waya ya fi taruwa inda kuɗi suke tun asali.

Dillalin hatsi a Gusau, kafin ya gama karin kumallo ya san kuɗin buhun masara a Dawanau. Manomin da ya noma masarar a yankin Ɗansadau sai ya hau tudu kafin kiransa ya shiga, cajin ma biya yake yi wurin mai janareto. In dillali ya iso, abin da ya faɗa shi ne farashi. Waya ce a hannun kowannensu, amma ɗaya na cin gumin ɗaya da ita, kuma abin yana ci mini rai.

Ba mu manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a duk jihar saboda 'yan bindiga. Mai hali ya hau mota ya tsallaka wata jiha ya yi cinikinsa, talaka ya rasa yadda ɗansa da ke ci-rani zai aiko masa da kuɗin cefane. A 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data.

Ranka ya daɗe, gyaran yana hannun hukuma. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi wani asusu mai suna USPF domin kai sadarwa ƙauyukan da kamfanoni ba sa ganin riba a cikinsu. A matsa a karɓo rabonmu, a kuma tsare turakun da aka kafa. A kai rajistar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, mazaɓu, musamman domin mata, tunda babu layi sai da ita.

Abin da na fi roƙo shi ne, duk wata a tura wa jama'a saƙo da Hausa, a maimaita a rediyo: ga abin da kowacce cikin ƙananan hukumomi 14 ta karɓa, ga aikin da aka yi da shi. Mutumin Zurmi ko Bukkuyum yana da haƙƙin ya sani, ya kuma tambayi ciyaman ɗinsa.

Wassalam,
Ɗan jiharka daga Ƙauran Namoda