Zuwa ga aminina, kan yashi da ruwan tankin murjani

Assalamu alaikum, aminina.

Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da mai ɗakinka da yara. Mu nan Gombe alhamdu lillahi, sai zafin bazara da ya fara kankama. Saƙonka ya iso, na ga hoton tankin gilashin da ka saya, na kuma ga tambayarka: wane yashi za ka shimfiɗa a ƙasa kafin ka kawo murjani mai rai da kifin teku?

Don Allah kada ka ɗebo yashin kogi. Na san akwai shi a bagas, mu ma ga na Gongola nan wajen Dadin Kowa tifa-tifa, amma shi na gini ne. Yana zuwa da laka da ƙarafan da ido ba ya gani, kuma jan ƙarfe ko ƙanƙani ne yana kashe murjani. Wanda ake so shi ne aragonait, farin yashin da asalinsa ɓaraguzan murjani ne da ƙwanson halittun teku. Sinadarinsa ɗaya da farin dutsen da ake haƙa a Ashaka don siminti, wanda shi ma tsohon teku ne ya bar shi a can. Ka zaɓi mai matsakaicin ƙwaya, milimita 1 zuwa 2. Mai laushi ƙwarai famfon da ke juya ruwan tanki kan tayar da shi ya zuba a kan murjani, mai manyan ƙwaya kuma ragowar abinci da kashin kifi ke maƙalewa a cikinsa su ruɓe.

Kauri kuwa, santimita 2 zuwa 3 ya ishe ka. Akwai masu zuba santimita 10 zuwa sama don ƙwayoyin bakteriyar da ba sa son iska su zauna can ƙasa su cinye naitret, wato sinadarin da dattin kifi ke rikiɗewa ya zama a cikin ruwa. Dabara ce ta gaskiya, sai dai ba ta mai fara koyo ba ce, domin ranar da aka tono irin wannan yashi za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma wannan iskar guba ce ga kifi. Ni siririyar shimfiɗa nake yi, in bi ta da tiyo ina zuƙe datti duk lokacin canjin ruwa.

Amma ka ji ni da kyau, abin da ya fi damuna a kanka ruwa ne. Ruwan famfo akwai kulorin, na burtsatse kuma, duk garai-garai ɗinsa, yakan ɗauko naitret da fosfet da silika daga ƙasa, waɗanda su ne abincin gansakuka. Za ka wayi gari farin yashin nan ya koma ruwan ƙasa, gilashi ya yi kore. Saboda haka na'urar tace ruwa ta RO/DI ita ce gaba da kifi a lissafin kuɗinka. Gishirin ma ba na miya ba, na musamman ne da ake haɗawa don tankin teku, wajen giram 35 a kowace lita. Ka auna da na'urar gwada gishirin ruwa har ta nuna 1.025 ko 1.026. Sinadarin kalsiyam ya tsaya miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita, pH kuma, wato ma'aunin tsamin ruwa, 8.1 zuwa 8.4.

Ga wani abu da mu 'yan Arewa ya kamata mu riƙe. Da hunturu iska a bushe take, ruwan tanki sai ka ga yana ja baya kullum, farin gishiri na bushewa a bakin gilashi. Ruwa ne ke tashi, gishirin yana ciki, don haka abin da ya rage sai ƙara kauri yake yi. In za ka cike gurbin, tataccen ruwa zalla za ka zuba, ba mai gishiri ba. Mai gishiri sai ranar canji, kashi 10 cikin 100 duk mako ɗaya ko biyu.

Bazara ta fi ban tsoro. Murjani yana son digiri 24 zuwa 26, mu kuwa a Maris da Afrilu rana kan kai 40. Da ruwa ya doshi 30, murjani sai ya fitar da 'yan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Ƙaramar fanka mai hura saman ruwa tana taimakawa, amma ɗaki mai sanyi ya fi. Kuma ka haɗa famfon da batir ko sola, domin in aka ɗauke wuta ruwa ya tsaya cik, iskar shaƙa ce ke fara ƙarewa.

Bayan ka zuba yashi da dutse da ruwa, ka bar tankin ba kifi mako huɗu zuwa shida, bakteriya su kafu su riƙa juya amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa naitrait, wanda shi ma guba ne, sannan naitret. Sai biyun farko sun nuna sifili za ka sa kifi, su ma ɗaya ko biyu tukuna. Na san yara za su matsa maka, ka ba su haƙuri.

Ka turo mini adadin litar tankin da inda kake samun ruwa, in lissafa maka gishiri da buhun yashi nawa za ka saya. A gaida Hajiya da kyau, a shafa mini kan yara.

Wassalam,
Amininka a Gombe