Ni na ɗora hoton, 'yata ke shan faɗa

Assalamu alaikum Hajiya. Barka da aiki, ya iyali? Allah ya saka miki da alheri kan yadda kike sauraron kukanmu a wannan fili. Ni mai sauraronki ce daga Jekadafari a nan Gombe. Don Allah a sakaya sunana, saboda maganar ta shafi 'yata da gidan da ake shirin kai ta.

Yarinyar 'yar farina ce. Kin san halinmu, ko sunanta ba na kamawa, sai dai in ce Yayarsu. Karatun likita take yi. A Khartum ta fara, tana shekara ta biyu yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, muna cikin goman ƙarshe na azumi. Sai na fara da wannan, in ba haka ba ba za ki gane yadda hoto ya zame mini ba. Kwana da kwanaki kira ba ya shiga. Abin da ya riƙe ni shi ne ɗan hoton da take ɗorawa a status na WhatsApp duk sanda ta samu sabis. Yau ga su a ɗakin kwana sun ja katifu nesa da taga, wata rana ga su a cikin bas a tsakiyar hamada, can kuma ga su zaune kan jakunkuna a kan iyakar Masar, fuska duk ƙura. In na ga hoto sai in yi sujada. Sallar waccan shekarar ko lalle ban sa ba. Sai farkon watan Mayu aka kwaso su daga garin Aswan na Masar zuwa Abuja. Tun daga lokacin, in gari ya waye ban ga fuskarta a waya ba, ko koko ba ya wuce mini.

Da ƙura ta lafa aka samar mata gurbi a Alƙahira, ta maimaita shekara guda. Kuɗin makaranta da dala ake biya. Dalar da muka sani ɗari huɗu da wani abu a banki, aka saki naira a watan Yunin 2023, kafin mu ankara a farkon 2024 ta haura 1,500. Alhaji ba attajiri ba ne, hatsi yake sayarwa a Tudun Hatsi. Rabin gonar shinkafarsa ta gado a Dadin Kowa ya tafi, ni kuma na sayar da sarƙata ta gwal da shanu biyu da mahaifina ya ba ni. Ba mu gaya wa kowa ba, don Alhaji mutum ne mai son rufin asiri.

To amma abin da dangi suke gani daban. Suna buɗe Instagram sai su gan ta a kan raƙumi gaban dalar Giza, ko a kasuwar Khan Khalili tsakanin fitilu masu launi, ko a bakin teku a Iskandariya iska na kaɗa mayafi. Ni na san su huɗu ne a ɗaki ɗaya a unguwar Hayyul Ashir ta Alƙahira, na san kushari da ful, abincin Masar mai araha, ne cimarta mafi yawan kwanaki, har abayar nan mai duwatsu da ake ta yabawa na san ta ƙawarta ce 'yar Kano. Hoto kuwa ba ya faɗin wannan. Ƙanin Alhaji ya zo neman rancen jari, aka ce masa babu, ya fita yana cewa masu 'ya a Masar su ne za su ce babu. Facalata gaisuwa ma da ƙyar. Shi kuma Alhaji tsoronsa ɗaya, kada wani mugu ya ɗauka da gaske muna da shi, a wannan zamani da ake ɗauke mutum saboda mota ko gini. Duk wannan ina haɗiyewa, don har ga Allah ina jin daɗin hotunan. A gidan biki ni nake miƙa wa mata wayar.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. An yi mata baiko da wani yaro ɗan Bolari, mai hankali, an tsayar da magana sai ta gama. Watan jiya suka kammala wani zagaye a asibitin koyarwa, sai suka ɗauki hoto su bakwai 'yan rukuninsu, mata huɗu maza uku, kowa cikin farar riga da abin sauraron ƙirji a wuya. Tana sanye da hijabinta, hannunta a harɗe. Ba ta ɗora shi a ko'ina ba. Ni ta turo wa, har ta rubuta a ƙasa, "Umma, ke kaɗai." Hajiya, ni ce na ɗora shi a status, na rubuta likitar gidanmu, Allah ya kai mu. Na ce a raina ai awa 24 ne ya ɓace. Ban ma san ana iya zaɓen waɗanda za su gani ba, sai daga baya ƙaninta ya nuna mini, bayan aikin gama ya gama.

Cikin awannin nan wani ko wata ya kwafe hoton, ya yanke mutum biyar, ya bar ta ita da wani dogon saurayi da ke tsaye kusa da ita. A haka ya isa zauren WhatsApp na dangin yaron. Kwana uku tsakani sai ga ƙanwar mahaifiyarsa ta zo, ta sha ruwa, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ajiye mini waya a cinya ta ce wai su dai suna neman ƙarin bayani. Abin da ya fi ci mini rai, duk wanda ya yi wannan yankan lambata tana wayarsa, tasa tana tawa. Wato na gida ne, mai yiwuwa ma na ba shi abinci da hannuna.

Alhaji ba ya duba status, wayarsa ta ciniki ce da sauraron karatu. Da maganar ta kai masa, bai yi shakka ba ita ta ɗora. Ya kira ta a gabana ya sa a amsa-kuwwa, ya yi faɗan da ban taɓa jin ya yi mata ba, har da maganar gonar da bai taɓa ambata ba. Ya ce kafin ƙarshen wata ta rufe Instagram da TikTok da duk wani abu, in ba haka ba ta tattaro ta dawo. Ina zaune da faranti a hannu ina jiran ta ce Umma ce. Ba ta ce ba. "Ka yi haƙuri Abba" kawai ta yi ta maimaitawa. Ni kuma bakina ya mutu.

Yau kwana 19 ba ta ɗora komai ba, ba ta kuma turo mini ko ɗaya ba. In na yi mata magana sai ta ce lafiya lau Umma, karatu ne ya yi yawa. Sau biyu ina rubuta ban haƙuri ina gogewa. Ta ina uwa za ta fara da 'yar fari?

Hajiya, ki ba ni shawara. In na gaya wa Alhaji gaskiya, na san zai ce na zuba ido ya zalunci yarinya, kuma gaskiyarsa ce. In na yi shiru, da bakina na bar mata tabo a wajen ubanta. Cikakken hoton yana wayata, da shi za a wanke ta a wajen surukai cikin minti ɗaya, amma duk wanda ya gan shi zai ga daga hannun wa ya fita. Ƙawata ta ce in tura wa yaron shi kaɗai a ɓoye. Ni kuwa ina ganin surukuwa ta fara ƙus-ƙus da suruki tun kafin aure ba mutunci ba ne. Ko kuskure nake?

Sannan ko an wanke wannan, maganar rufe shafukan tana nan. Wani ɓangare na zuciyata ya yarda da Alhaji, bakin mutane da kambun baka ba wasa ba ne, kuma hotunan sun jawo mana abin da ba mu nema ba. Amma yarinya tana ƙasar wasu, shekara biyu suka rage mata, can take gaisawa da ƙawayenta na Sudan da yaƙi ya warwatsa. A raba ta da su gaba ɗaya, ko a ce ta kulle shafin sai waɗanda ta yarda da su? In haka ne, da wane harshe zan shawo kan mutumin da a wajensa duk abin da ya hau intanet ya shiga kasuwa?

Iyayen yaron maza sun ce za su zo wajen Alhaji ranar Juma'a ta sama bayan la'asar. Don Allah in da hali a karanta wasiƙata kafin ranar.

Wassalam.
Uwar Yayarsu, Jekadafari, Gombe.