Ɗalibai Su Gyara Kalmomin Nema a Laburare

Ya Edita,

Ina koyar da darasin sadarwar kasuwanci. Abin da ke damuna shi ne yadda ɗalibai ke kwafo taken aikinsu sukutum su zuba a JSTOR ko Google Scholar, shafukan intanet na neman maƙalun ilimi, sannan su dawo su ce babu komai. Akwai mana! Mai binciken yadda manajoji ke aika wa ma'aikata imel, kalmomi biyu ko uku sun ishe shi. A wurin nema, ya haɗa su da kalmar Turanci AND (wato 'da'), masu ma'ana ɗaya kuma da OR (wato 'ko'). Idan ya dace da maƙala mai kyau, ya kwashi muhimman kalmomin da marubucin ya jera ƙarƙashin tsakure (taƙaitaccen bayanin da ke farkon maƙalar), ya sake nema da su. Ma'aikatan laburare ma suna nan, a tambaye su.

Naku,
Wani malami