Wasiƙa: Janye Tallafin Amurka da Birtaniya, Daga Bakin Mai Riƙe da Makullin Sito

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a shafin wasiƙu domin in tofa albarkacin bakina a kan rage tallafin jin ƙai da na raya ƙasa da gwamnatocin Amurka da Birtaniya suka yi. Na yi shekara 35 ina aikin lafiya a matakin farko a karkarar Katsina, kuma a shekarun ƙarshe kafin in yi ritaya ni ke riƙe da makullin sito, saboda haka na san yadda shawarar da aka yanke a wani babban birni mai nisa take isowa ƙauye a matsayin kwali cike ko kanta wayam.

A ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da aka rantsar da shi, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90. A watan Maris Sakataren Harkokin Waje Marco Rubio ya bayyana cewa an soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryen USAID, hukumar da ke raba tallafin Amurka ga ƙasashen waje, sannan a ranar 1 ga Yuli aka rufe hukumar, wadda Shugaba Kennedy ya kafa a 1961, aka mayar da ragowar aikinta ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Ita Birtaniya a hankali ta yi nata. Tun 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi ƙasashe masu arziki su riƙa ware kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigarsu domin tallafi, Birtaniya kuma har doka ta yi a kan haka a 2015. Amma a 2020 ta narkar da DFID, ma'aikatarta ta raya ƙasashe, cikin ma'aikatar harkokin waje, a 2021 ta sauko zuwa kashi 0.5, a Fabrairun 2025 kuma Firaminista Keir Starmer ya ce za a koma kashi 0.3 nan da 2027 domin a ƙara wa tsaro kuɗi, abin da ya sa ministar raya ƙasashe, Anneliese Dodds, ta ajiye aikinta.

Ba na cikin masu cewa waɗannan ƙasashe ba su da ikon yin haka. Kuɗin harajin mutanensu ne, kuma tallafin gwamnati bai taɓa zama sadaka tsantsa ba, wani reshe ne na siyasar hulɗa da ƙasashen waje, ana neman kasuwa da shi, ana neman ƙawance, ana tare annoba tun tana nesa. Mu kanmu mun san wannan, domin Nijeriya ta kafa asusu a Bankin Raya Afirka a 1976, ta kuma soma tura malamai da likitoci zuwa ƙasashen Afirka da na Karibiyan a 1987, kuma ba wanda zai rantse cewa babu neman martaba a ciki.

Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yanke abu dare ɗaya, kuma dalilina yana cikin yadda ake jinyar yaro mai tamowa. Uwa ta zo da ɗanta a goye, a ɗauko zaren awo mai launi uku a zagaya damtsensa, idan ya faɗa cikin ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, sai a buɗe masa kati. Daga nan duk mako za ta dawo a auna shi, a ƙirga mata ƙullin abincin nan na gyaɗa da madara da suga da mai, wanda yaro ke tsotsa kai tsaye ba sai an dafa ba. Kwali ɗaya ƙulli 150 ne, kusan abin da yaro ɗaya ke bukata ke nan cikin mako shida zuwa takwas. A mako na uku za ka ga idon yaro ya washe, ya fara ƙwace abu daga hannun uwarsa, ita kuma ta fara dariya idan ta gaishe ka. To idan a wannan makon ta zo, ta yi tafiyar awa biyu a ƙasa, ka ce mata kaya ba su iso ba, sai ta dawo mako mai zuwa ka sake faɗa mata haka, ba za ta zo na uku ba, kuma yaron zai koma inda ya fito ko ƙasa da haka. Haka maganin tarin fuka yake, wanda ake sha wata shida ba fashi, haka kuma maganin cuta mai karya garkuwar jiki, wanda shirin PEPFAR na Amurka ke ɗaukar nauyinsa tun 2003. Katse su a tsakiya yana haifar da ƙwayar cutar da ba ta jin magani.

Gaskiya ne an ce ayyukan ceton rai ba sa cikin dakatarwar, amma duk wanda ya taɓa riƙe sito ya san kwali ba ya tafiya da ƙafarsa. Akwai direban da zai ɗauko shi, akwai akawun da zai biya direban, akwai yarinyar da ke shigar da lissafi a kwamfuta domin a san inda kaya suka ƙare. Idan an sallami waɗannan, takardar izini ba ta ciyar da kowa. A watan Yulin 2025 Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa rashin kuɗi zai tilasta mata dakatar da taimakon mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas, tare da rufe cibiyoyin tamowa sama da 150 a Borno da Yobe. A cikin watan na Yuli kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Ba zan ɗora wannan duka a kan janye tallafi ba, domin 'yan bindiga sun hana noma, tsadar abinci kuma ta kai inda ta kai, amma an janye hannu ne daidai lokacin da kaya ya fi nauyi.

Ba zan ɓoye ba, a cikin abin da ake kira tallafin raya ƙasa akwai wanda ban yi kukan tafiyarsa ba. Na halarci tarurrukan bita a otal inda kuɗin zama da na shayi suka fi abin da aka koya, na kuma ga rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana wadda ta tsaya wata biyar bayan an kafa mata allo, saboda ba a bar wa kowa kuɗin gyara ba. Su ma masu bayarwa suna da nasu: a 2023 sama da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da Birtaniya ta lissafa a matsayin tallafin waje a cikin gida aka kashe shi, wajen ɗawainiyar masu neman mafaka. Da an zauna an tsefe, an yanke bita an bar abincin yara, an kuma ba da wa'adin shekara biyu ko uku domin a miƙa aiki hannu da hannu, da ban rubuta wannan wasiƙa ba.

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. A Abuja aka taru a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Dala miliyan 200 da aka ƙara wa lafiya a kasafin 2025 domin cike giɓi abin yabo ne, amma tamowa ba shekara ɗaya take yi ba. Abincin nan da muke jiran jirgi ya kawo mana, gyaɗa ce tushensa, ana kuma sarrafa shi a Kano da Legas, sannan UNICEF tana da asusun da ke ninka duk abin da jiha ta zuba domin sayensa.

Saboda haka ina kira ga Majalisar Tarayya da kada ta bar wata sabuwar yarjejeniyar tallafi ta wuce sai an rubuta a cikinta ranar da aikin zai ƙare, da wanda zai gaje shi, da layin kasafin da zai ɗauke shi. Gwamnonin arewa kuma su saki kuɗin abincin tamowa tun cikin rani, domin cibiyoyi sun fi cika daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kankama. Kai kuma Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilanka ƙananan asibitocin karkara kafin ruwan farko ya sauka, su nemi mai riƙe da makulli ya buɗe musu sito, su ƙirga kwalayen da idonsu, su buga mana adadin.

Naka,
Ma'aikacin lafiya mai ritaya,
Katsina.