Rahoton Ayyukan Shekara Kan Ciyayin Ado Masu Jure Fari

Ya ku 'yan ƙungiya masu girma,

Kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da rahoton shekarar da ta gabata, wadda kusan dukkanta ta tafi a kan aiki guda, wato maye gurbin ciyawar da sai an yi mata ban-ruwa kullum da ciyayin asalin yankinmu, waɗanda suke jure fari kuma ba sa cin hidima.

A filin gwaji mun dasa jema da nobe da gamba da kyasuwa. Jema ce ta fi gamsar da mu, domin saiwarta tana nutsewa har kimanin mita 3, tana zama a gindi ɗaya ba ta yaɗo, kuma ta riƙe mana bakin gangare bayan ruwan sama mai ƙarfi. Nobe ya dace da gefen hanya saboda gajartarsa da ƙamshin ganyensa. Gamba tana da kyan gani idan ta fitar da kai, amma tsawonta yakan wuce mita 3, don haka wurinta can baya ne. Kyasuwa kuwa shekara guda take rayuwa, tana zubar da iri ta tsiro inda ba a neme ta ba. Tofa ba mu dasa ba, saboda yadda take bi ta ƙarƙashin ƙasa tana mamaye fili.

Abin da ya fi ɗaukar lokacinmu a ziyarar lambunan mambobi shi ne dashen da ya mutu, kuma dalilin kusan ɗaya ne: an janye ruwa tun saiwa ba ta kama ba. Juriyar fari sai a shekara ta biyu take bayyana. A shekarar farko dole ne a ba da ruwa mai yawa jefi-jefi, domin yayyafin kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama. Yawan taki ma illa ne, yana sa kara ya yi laushi ya kwanta. Da zarar ciyawa ta kafu, hidimarta ita ce yanka sau ɗaya a shekara kafin sabon toho, a bar santimita 10 zuwa 15, sai raba gindi bayan shekara 3 ko 4. Busasshiyar ciyawa makamashi ce, a nisantar da ita daga jikin gini.

Kwamiti ya kuma yanke shawarar daina aika iri zuwa ƙasashen da ciyawa ba 'yar asali ba ce. An kai gamba Ostireliya a shekarun 1930 domin kiwo, ta zama annoba mai rura gobarar daji, har aka sanya ta cikin jerin mugayen ciyayi na ƙasar a 2012.

A shekara mai zuwa za mu kafa wurin rainon dashe. Muna roƙon duk mai gindin da ya isa rabawa ya sanar da sakatare kafin lokacin yanka.

Kwamitin Gudanarwa