Wasiƙa ga Iyaye: Lambun Makaranta Ya Fara Shayar da Kansa

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara,

Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya kuma zafin bazara? Allah Ya kai mu damina lafiya.

Waɗanda suka zo taron iyaye da malamai na zangon da ya wuce sun ga yadda dashen zogale da gwaba na bayan ɗakin karatu ya kasance. Aka tafi hutu, maigadinmu ya kwanta jinya, muka dawo muka tarar yawancinsu sun zama ƙirare. Abin ya yi wa yaran ciwo ƙwarai, don da hannunsu suka dasa. A nan ne 'yan ƙungiyar kimiyya suka ce sai sun haɗa abin da zai riƙa ban ruwa ko babu kowa.

Sun kuwa haɗa. Jarka ce mai lita 25, da ɗan famfo a cikinta, da siririn tiyo da aka huhhuda daidai gindin kowace shuka. Akwai wani ƙarfe mai haƙora biyu da ake cakawa a ƙasa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana barin lantarki ya ratsa tsakanin haƙoran cikin sauƙi, busasshiya kuwa tana hanawa. Wannan bambancin shi wani ɗan allon lantarki mai aiki kamar ƙaramar kwamfuta, mai suna Arduino, yake karantawa, allon da aka fara ƙerawa a Italiya a 2005 domin ɗalibai. Da ƙasa ta bushe sai ya kunna famfo na 'yan daƙiƙu, ya kashe, ya jira. Batir da ƙaramin faifan sola ke ba shi wuta, bolt 5 kacal, babu abin da ya haɗa yaran da wutar NEPA.

Ranar farko an sha kunya. Da safe aka tarar jarka wayam, fangali ya zama taɓo, alhali famfo a kashe yake. Malamai ma mun tsaya muna kallon juna. Wata yarinya 'yar aji biyu ce ta lura cewa jarkar na kan teburi, sama da bakin tiyo, shi ya sa ruwa ya ci gaba da zuba da kansa, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tanki. Aka sauke jarkar ƙasa, magana ta ƙare. A ganina wannan safiyar ta koya musu abin da ya fi darasin mako guda.

Ba sai da Arduino ba a gida. Robar ƙarin ruwa sabuwa daga kemis, a haɗa ta da gorar ruwa a rataye, a saita ɗigon da 'yar tayar jikinta, ta wadatar da tukunyar tumatir. Don Allah sabuwa, kada yaro ya taɓa wadda aka yi wa majinyaci amfani da ita, kuma a cire allurar. Ko a binne tulu marar fenti kusa da shuka, a cika shi, a rufe bakinsa saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali.

Muna so mu kai tsarin ga layin mangwaro kafin hutu. Duk mai jarkar da ba a taɓa zuba mai ko maganin feshi a ciki ba, ko guntun tiyo, ya aiko yaro da shi ofishin mataimakin shugaba. Ba a buƙatar kuɗi. Wanda ya zo ɗaukar yaro kuma ya leƙa bayan ɗakin karatu, yaran da kansu za su nuna masa.

Wassalam,
Shugaban Makaranta